Hula a Jikin Ƙusa

Baba da kansa ya kafa ƙusar, kuma a karkace ya kafa ta, don a lokacin yanar ido ta riga ta rufe masa gani har ba ya bambance mutum da inuwarsa. A bakin ƙofar falo take, ta hannun dama, daidai inda mai shigowa zai miƙa hannu ya taɓa. Yaya ta ce ya ba ta gudumar ta gyara masa. Ya ce ta kama gabanta, shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran rediyon mutane ba ƙusa ce za ta gagare shi ba.

Yaya ita ce babbar 'yarsa, sojan sama ce, kuma har a wurin aiki Yaya ake kiranta don ta girme duk waɗanda take zama da su. Ƙaninta Auta sojan ƙasa ne, shi yake goyon rediyon rundunarsu. Tun da aka tura su bayan duwatsu, inda waya ba ta shiga, gidan ya koma gidan jira. Baba yana jira, Amarya matar Auta tana jira (auren ya daɗe, sunan ne ya ƙi sakinta). Yaya kaɗai ce take jin muryarsa, ita ce kuma aka rantsar kada ta faɗa wa kowa abin da kunnenta ya ji a wurin aiki.

"Ni ban ce ki yi magana ba," in ji Baba ranar da ya kafa ƙusar. "Ni na haife ki, na san taurin kanki. Hularki kawai nake so. Ranar da kika ji shi lafiya lau, in kin shigo ki rataye ta nan. Ranar da ba ki ji shi ba, ko kika ji abin da bai kwanta miki ba, ki bar ta a jaka. Ba wanda zai tambaye ki komai."

"Baba, ai wannan ma magana ce."

"To a kai mu kotu, ni da ƙusar." Ya lalubo hannunta ya riƙe, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Abu guda na roƙe ki. Kada ki taɓa rataye min ita don tausayi. Ido na rasa, ban rasa hankali ba."

Ta yi masa alkawari.

Haka aka zauna. Kullum da yamma in ta dawo, Baba sai ya yi kamar bai ji shigowarta ba, ya ci gaba da shafa tsofaffin rediyoyin da suka cika masa tebur, waɗanda masu su suka mutu ko suka manta. Sai ta wuce ciki tukuna zai miƙe, ya bi bango da tafin hannu har bakin ƙofa. In yatsunsa sun taɓa hula, unguwa ma sai ta sani, don nan take zai ɗaga murya ya ce Amarya ta kawo abinci ko so take yunwa ta kashe shi. In ƙusa ya tarar tsirara, sai ya koma kujerarsa ya ce cikinsa ne ba daɗi. Ita ma Amarya a ranar cokali biyu take yi ta ture kwano. Amma a watannin nan rundunar su Auta ta zauna wuri guda, jirgin su Yaya kuma a kansu yake wuni, don haka hular kusan kullum a jikin ƙusa take kwana.

Jirgin nan fa ba don yaƙi aka ƙera shi ba. Na wani attajiri ne a da, irin ƙananan nan masu dogon hanci da manya suke hawa don kada su haɗa numfashi da talaka. Da sojoji suka saye shi suka yashe cikinsa tas. Kujerun fata, kafet mai nutsar da ƙafa, teburin cin abinci, duk aka yi waje da su. Aka toshe tagogi da ƙarfe, aka jera na'urori tun daga ƙasa har rufi, aka ɗora masa doro a baya, aka liƙa masa wani kumburi a ciki kamar maƙoƙo. Wai sun zaɓe shi ne don yana hawa sama sosai, yana daɗewa bai sauka ba, kuma ba ya shan mai kamar manyan. Wuri ɗaya suka ƙyale, banɗaki. Famfo mai ruwan zinariya yana nan, madubi mai fitilu a kewaye yana nan. Dogo, wanda kujerarsa ke kusa da ta Yaya, ya ce nan ne kaɗai kofur yake shiga ya fito yana jin kansa wani ne. Attajiri suke ce wa jirgin, kuma ba don ƙauna ba.

Aikinsa ba wuyar ganewa. Muryar rediyo ba ta hawa dutse. Sojan da ke cikin kwari in ya kira hedikwata, dutse ne zai tare maganar ya dawo masa da ita. Sai Attajiri ya hau can sama ya yi ta kewaya wuri guda kamar jakin da aka ɗaure a turke, ya cafke maganar na ƙasa ya miƙa wa hedikwata, ya karɓo amsa ya sauko da ita. Shi ya sa a rediyo sunansa Gada. Yaya ce mai tsaron layin. Da abin sauraro a kunnenta take wuni, ido a kan allo, in ƙara ta shigo ta kawar, in layi ya toshe ta buɗe wani. Ba ta sa baki a maganar kowa. Sau biyu kawai ake jin muryarta a ƙasa, in za a buɗe gada da in za a rufe. Ƙa'ida kuma ita ce ba a rufewa sai jirgin da zai karɓe su ya iso ya amsa.

A layin nan ba a kiran sunan kowa. Rundunar su Auta Bushiya ake ce mata, don mai raba sunayen nan wallahi ba shi da aikin yi. Amma Yaya ba ta bukatar suna. Baba bai taɓa magana a makirfo ba sai ya hura shi tukuna, fuu fuu, ya ji ko yana aiki, kuma Auta ya kwashe halin kaf. An yi masa horo a kai tun yana sabon soja, bai bari ba. Ranar da ta fara jin hurin nan a kunnenta saura kaɗan ta miƙe tsaye. Ba ta gaya wa manyanta ba, don ta san da sun ji ɗan'uwanta ne a ƙasa za su ɗauke ta daga kujerar. Dogo ne kawai ya gane, shi ma daga yadda kafaɗunta suke sauka in an hura, kuma bai taɓa ɗaga maganar ba.

Ranar da abin ya faru da safe suka tashi. Ta kulle wayarta a akwatin ƙarfe kamar kowa, ta ɗora rigar sanyi a kan kaki, don na'urorin ba sa son zafi, mutane ne suke shan sanyi dominsu. Har rana ta take ba wani labari. Bushiya ya hura, ya ce suna ratsa kwarin, komai lafiya. Ta ji daɗi har ta karɓi shayin da Dogo ya zuba mata a murfin fulas, shayin da kullum take cewa ruwan wanke kofi ne.

Da rana ta karkata ya sake kira, bai hura ba.

Ta gane ba lafiya tun kafin ya kai ƙarshen magana. An yi musu kwanton ɓauna a inda kwarin ya tsuke. Motar gaba tana ci da wuta, an tare musu baya, ana harbinsu daga saman duwatsu. A bayan muryarsa tana jin harbin kamar ruwan sama a kan kwano. Hedikwata ta amsa, ta ce ana haɗa agaji, ya faɗi inda maharan suke. Ya fara faɗa ke nan sai ƙara ta cika layin, don su ma mutanen suna da abin da suke toshe rediyo da shi. Yaya ta buɗe wani layin. Suka biyo ta, ta sake sauyawa. Haka ta yi ta yi ba ji ba gani, yatsunta ko rawa ba sa yi. A faɗi gaskiya, tunda ta hau kujerar nan ba ta taɓa aiki mai kyau irin na ranar ba.

Ana cikin haka Kyaftin, matuƙin jirgin, ya yi magana ta layin cikin gida. Jirgin da zai karɓe su bai tashi ba. Ya hau titin tashi injinsa ya nuna matsala, an ja shi an mayar rumfar jirage, makanikai suna kansa.

"Zan ja iya abin da zan iya ja," ya ce. "Kowa ya ci gaba da aikinsa."

Ya ja kuwa. Ya rage gudu, ya faɗaɗa kewaye, ya yi duk dabarar da matuƙi yake yi in yana tattalin mai. Yaya ba ta duban agogo, tsoronsa take ji. Kunnenta yana kan Auta, wanda muryarsa ta dishe amma bai daina ba. Ya ce akwai waɗanda suka ji rauni. Ya ce harsashi ya fara ƙaranci. Hedikwata ta ce jiragen agaji sun kusa tashi, ya riƙe layi, don shi ne zai nuna musu inda za su buga.

"Yaya," in ji Kyaftin. "Rufe gada."

"Yallaɓai, agajin bai iso ba. In muka tafi ba mai jin su."

"Ina ji, da kunnena nake ji. Na riga na taɓa man ajiyar da ba a taɓawa. In na ƙara kewaye ɗaya, mu ma sai an fito nemanmu. Rufe."

Ba da faɗa ya yi maganar ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mata sauƙi. Kada kowa ya zagi mutumin nan. Rayuka ne a bayansa, ya kuma tsaya fiye da yadda doka ta ba shi. Yaya ta san haka sarai, amma a lokacin ta tsane shi kamar ta shaƙe shi.

Ta danna maɓalli. Kalmomin rufe gada a haddace suke, ba a ƙari ba a ragi.

"Duk tashoshi, Gada ce. Gada za ta rufe. Wata tana tafe, ku ci gaba da saurare."

Wata tana tafe. Ita da ta san wadda ake cewa tana tafe tana can a rumfa, an kwance mata ciki. Layin ya yi tsit, harbin ne kawai. Sai ta ji fuu fuu a kunnenta, a hankali, kamar yana zaune a falo.

"Gada, Bushiya ne. An fahimta." Sai ya ƙara da cewa, "A sauka lafiya."

Wannan ta ƙarshen ba ta cikin ƙa'ida, ba a faɗarta a layi. A nan ta san ya daɗe da gane mai rufe masa gada kullum.

Jirgin ya karkata, ta ji karkatar a cikinta. Zanen da yake tsalle a allo in Auta yana magana ya fara ƙanƙancewa. Ya koma kiran hedikwata, yana faɗin inda maharan suke, maganar tana tsinkewa tana dawowa, kalma ɗaya ta zo biyu su ɓace, har ya zama ba komai sai shuuu. Yaya ta danna maɓallin, abin da ba ta da izinin yi, ta hura makirfo. Ta jira. Ta sake hurawa. Ba abin da ya dawo. Dogo ya kafa wa allonsa ido kamar bai ga komai ba.

Ta tashi ta shiga banɗakin attajirin ta kulle. Fitilun madubin suka kama gaba ɗaya, suka haske mata fuska ta kowane gefe. Kuka ya ƙi zuwa. Ta tsaya tana kallon famfon zinariyar nan, tana jin kamar ta fizge shi daga jikin bangon.

Bayan sun sauka aka tara su a ɗakin taro. Babban hafsan da ya yi musu magana ya ce ɗaya jirgin ya samu tashi daga baya, ya isa wurin dab da faɗuwar rana, ya yi ta kiran Bushiya ba amsa. Ya ce wannan ba ya nufin komai, rediyo tana lalacewa, batir yana ƙarewa, mutane suna sauya wuri. Za a tura dakaru ta ƙasa. Kafin nan duk wanda ya buɗe baki a waje, ko ga matarsa, ya san sauran. Yaya ta buɗe akwatin ƙarfe ta ɗauki wayarta. Saƙon Amarya ne a kai: in kin taso ki biya ki sayo burodi, maganin idon Baba ma ya ƙare.

Ta biya ta saya. Ta tsaya a kantin magani, ta bi layi, ta amsa gaisuwar mai kantin, har ya ce mata yau soja ta gaji. A cikin bas, da kan titinsu inda masu shago suke ta kunna fitilu, abu ɗaya take maimaita wa kanta: a jaka, a jaka. Ta so ta cire hular tun a hanya ta tura ta ciki ta huta. Amma soja cikin kaki ba ya tafiya a titi kai ba hula, abin ya bi jininta, sai a bakin ƙofa ake cirewa.

Ta iso ƙofa da burodi da ledar magani rungume a hannu ɗaya, jaka tana zamewa daga kafaɗa. Ta tura da gwiwa ta shiga. Ƙamshin girki ya cika falon, Baba yana wurinsa ya sunkuya a kan wata rediyo, Amarya ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Yaya, sannu da zuwa. An samu maganin?"

Muryar yarinyar ce ta karya ta. Kukan da ya ƙi zuwa a jirgi ya taso mata gaba ɗaya, ba abin da take so a duniya sai ta kai banɗaki kafin a ga fuskarta. Ta zube kayan a tebur, ta ce "an samu," ta wuce da sauri. Ta kulle ƙofa, ta buɗe famfo har ƙarshe, ta durƙusa ta toshe baki da tawul ta yi ta kuka har haƙarƙarinta ya yi ciwo. Da ta samu kanta ta wanke fuska, ta kashe famfon.

Sai ta jiyo Baba.

"Amarya, wai abincin nan sai na mutu za a kawo?"

Ta taɓa kanta, ba hula. Ta fito falo. Jakarta tana kan tebur a zuge, yadda ta ajiye ta. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, tafin hannunsa a kan hular da ke rataye a ƙusa, yana shafa ta yana murmushi. Hannunta ne ya yi aikinsa na kullum, bai tambaye ta ba.

Nan ne wurin da ya kamata ta yi magana, kuma ta buɗe baki. To ta ce me? Ba ta san ya mutu ba. Rantsuwa tana wuyanta. Ƙusa tsirara ba ta faɗin komai sai "ban ji shi ba," amma a cire hula daga hannun tsohon bayan ya taɓa ta, wannan ai ta gama faɗa masa komai ke nan. Kuma hafsan ya ce rediyo tana lalacewa. Ita ma ta sha ganin rediyo ta lalace. Ta kama wannan maganar ta riƙe gam, ta ja kujera ta zauna.

Baba ya ci abinci ranar kamar wanda ya dawo daga tafiya. Ya yaba girkin, ya ce Amarya ta fara koyo, nan da shekara goma za a iya ba baƙo. Ya miƙa kwano aka ƙara masa. Ya tuno lokacin da Auta yana ƙarami ya kwance rediyon wani mai kawo gyara, kaca-kaca, wai yana neman mutanen da suke ciki ya ba su ruwa. Amarya ta yi dariya har da hawaye, ko da yake ta sha jin labarin. Yaya tana ta juya cokali a cikin shinkafa.

"Ke ba na jin cokalinki," in ji Baba.

"Sanyin jirgi ne ya kama ni."

"Ku da Attajirinku. Mai kuɗi ai ko ya tsufa sai ya wahalar da talaka." Ya karkato kai wajenta, ya rage murya kamar mai tsegumi. "Har yanzu yana hurawa?"

"Baba, ka san ba na magana."

Ya yi dariya ya buga tebur. "'Yar gidan nan ke nan."

Washegari ta hau jirgi, ta buɗe gada, ta wuni tana saurare. Kowa ya yi magana a layin ban da Bushiya. Da ta dawo, tun daga bakin ƙofa ta cire hular da hannu biyu, ta tura ta can ƙasan jaka ta zuge. Baba ya bi bango, ya taɓa ƙusa, ya ɗan tsaya. Sai ya juya wajen kicin.

"Amarya, kada ki sa komai a ranki. Jiya-jiya aka ji shi lafiya lau. Mutum ai ba kullum yake kan rediyo ba."

Har ya ɗan taɓa abinci, abin da bai taɓa yi ba a ranar ƙusa tsirara. Yaya ta ji kunya da baƙin ciki irin waɗanda ba ta taɓa ji ba, ta kasa haɗa ido da makaho.

Kashegari ba ta da aiki. Da hantsi tana shanya a baranda ta ga mota ta tsaya a ƙofar gida. Hafsoshi biyu suka fito cikin kaki mai guga, suka cire huluna suka saƙale a hammata. Daga tafiyarsu ta sani. Ita ta buɗe musu, ita ta nuna musu kujera, ita ta tare Amarya da ta sulale a ƙofar kicin kafin su gama magana. Baba bai motsa ba. Ya saurara har ƙarshe, hannuwansa a kan gwiwa. Babban ya ce Auta ya yi jarumta, an samu gawarsa da rediyon a hannu.

"Yaushe?" in ji Baba.

"Shekaranjiya, Baba. Da yamma, kafin rana ta faɗi."

"Shekaranjiya," Baba ya maimaita. Ya juya fuskarsa wajen ƙofa, inda ƙusar take, ya daɗe a haka. Sannan ya yi musu godiya.

Gida ya cika da mutane, maƙwabta da dangi da tsofaffin da ya yi wa gyara. Aka wuni ana shiga ana fita. Baba ya amsa wa kowa, bai ce wa Yaya uffan ba, ko da ta durƙusa ta ɗiga masa magani a ido. Sai da yamma, da ƙafa ta ɗauke, dangin Amarya suka shige da ita ɗaki, falon ya rage su biyu.

"Miƙo min filaya," ya ce.

Ta ɗauko a cikin kayan gyaransa ta sa masa a hannu. Ya tashi ya bi bango. Ta bi bayansa.

"Baba, ba don tausayi na yi ba. Hannuna ne. Ban san na rataye ba sai da na ji ka kira abinci."

"Da kika sani fa?"

Ya lalubo ƙusar, ya damƙe ta da filayar, ya murɗa ya ja. Ta ƙi fitowa, don a karkace take. Yaya ta kai hannu za ta taimaka, ya kawar da shi da gwiwar hannunsa. Ya sake ja da ƙarfi, ta fito tare da ɓarɓashin siminti. Ya tsaya yana haki, yana juya ta a tsakanin yatsunsa.

"Kin ji shi har ƙarshe?"

"Har inda layi ya kai."

"Ya hura?"

Wannan karon ba ta tuna da wata rantsuwa ba. "Ya hura, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ta ɗauka zai yi faɗa, ta ma so ya yi, ya zage ta, ya kore ta. Amma da ya yi magana ba da ita yake ba, muryarsa ƙasa-ƙasa take kamar mai ba kansa labari.

"Na ci abinci ranar. Yarona yana kwance a cikin duwatsu, ni ina nan ina ba da labari ana dariya." Ya damƙe ƙusar a tafin hannunsa. "Har ƙari na nema."

Ya lalubi teburinsa ya jefa ƙusar cikin gwangwanin da yake tara ƙarafa, ya bi bango ya shige ɗakinsa ya tura ƙofa. Yaya ta daɗe a tsaye tana kallon ramin da ya rage a bango. Sannan ta ɗauko tsintsiya ta share simintin da ya zuba a bakin ƙofa.